Ruwan da Na Zuba a Kwalaben Masu Bincike

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki, ya aiki? Allah ya ƙara lafiya, ya sa ƙafar nan taki ta daina kumburi. Mu nan da godiya. Baba yana fita shago, Umma tana fama da bayanta, Auta ta shiga aji uku tana ta yi mana iyayi. Kin san ni da waya, ko atishawa na yi sai na turo miki, to yau ga ni da biro. Sau huɗu ina naɗar murya ina gogewa. Maganar ɗiyarki ce, 'Yar Lukuti, don haka ki samu wuri ki zauna.

Kin tuna wata biyar da suka wuce na ce miki masu bincike daga jami'a sun shigo layinmu, saboda warin da rijiyoyi ke yi tunda masana'antar fentin bayanmu ta fara zubar da dattinta a rami? Kowane gida sun ba da kwalabe masu lamba, a cika ɗaya duk Litinin su zo su karɓa. Ni aka ɗora wa, wai ni ce 'yar boko. Ranar farko na jawo guga, ruwan ya fito da wani maiƙo mai kala-kala a samansa. Umma ta leƙa ta ce wallahi ba za a fita da wannan daga gidanta ba, a kai wa manyan mutane su ce matar gidan ƙazama ce. Wai ko baƙo ba a miƙa masa ruwa sai an tace, balle likitoci. Ta sa na kwashe saman, na tace da ƙyalle, na tafasa, kwalbar ma sai da ta sha sabulu. Ni ma fa ban ga laifi ba, Yaya. Har hoton kwalbar na ɗora a waya, ina yanga tamu ta fi ta kowa haske.

Da sakamako ya fito aka shafa wa rijiya bakwai jan fenti, tamu aka ce lafiyarta ƙalau. Umma ta dinga tsokanar matar tela maƙwabciyarmu, wai tsabta ba a sayenta a kasuwa. Maƙwabta suka dawo ɗiba a gidanmu. Mu kuma muka daina ko tafasa na sha, tunda ai jami'a ta ce ba komai. Kin ga wautar? Na kwalba muke dafawa, muna ɗura wa yarinya ɗanye.

Wata mai gilashi a cikin masu binciken ce ta ƙi yarda. Ta ce ruwanmu ba ko abu ɗaya mai rai a ciki, ko na famfo bai mutu haka ba. Ta zo ta ja ruwan da hannunta. Bayan sati uku sai ga su su biyar, baki har kunne. Wai sun gano wata ƙwayar bakteriya a rijiyarmu da ba a taɓa gani ba, wai gubar fentin ce abincinta. Suka jeru a bakin rijiya ana hoto, har da ce wa Baba ya ɗan matsa yana tare haske. A waya na ga sun ɗora, ana ta yi musu barka, ana musun sunan da za a raɗa mata. Na rubuta a ƙasa na ce, to yarinyar da ta sha wata biyar fa? Wani ya danna min alamar zuciya. Shi ke nan.

Mai gilashin dai ta ja ni gefe. Ta ce ba lallai ƙwayar ce matsala ba, abin da take ci ne, kuma inda ta yi yawa haka gubar ba kaɗan ba ce, mu kai yara asibiti. Mun kai. Yaya, 'Yar Lukuti ta rame, siket ɗinta sai da na ɗaure da fil. Ciwon ciki, ƙuraje a wuya, abinci cokali biyu. Likita ya ce hantarta ta taɓu amma an zo da wuri, sai dai ta bar unguwar nan ta samu kulawa. Hotunan da nake turo miki tsofaffi ne, na yi ta canza musu kala don kar ki gane. Umma ce ta ce kar a tayar miki da hankali. Kada ki yi mata faɗa. Hannuna ne ya cika kwalaben.

Ki gaida maigidanki, da surukarki, da ƙanwarsa mai ɗinki. Baba da Auta suna gaisuwa. Kin bar min 'Yar Lukuti tana tatata, a bayana ta yi wayo, ban taɓa zaton da bakina zan faɗi wannan ba: ki zo ki ɗauki ɗiyarki, kar ya wuce satin nan. Na haɗa mata kayanta, ita ce dai ban iya gaya wa ba.

Taki,
ƙanwarki