Takarda ta Biyu

Tsibirin Gruna, Maris

Yaya Ishbel,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Wasiƙa na rubuto don ba na so in buga waya mijinki ya ɗauka.

Jirgin ruwa ya sake lalacewa. Motocina sun kwana a bakin gaɓa, kifi ya ruɓe har tsuntsaye suka ƙi shi. Ni da na fara da baro ina tallan kifi ƙofa ƙofa, ban taɓa jin takaici irin wannan ba, sai ranar da na je kallon mijinki Fergus a majalisa.

Na zauna a benen 'yan kallo a Edinburgh. Mijinki ya miƙe ya yi magana a kan jirginmu har na kusa hawaye. Da lokacin ƙuri'a ya yi aka kawo batun sabon jirgi, ya leƙa fuskar mai tsawatarwar jam'iyyarsu, wanda ke gaya musu abin da za su zaɓa, ya danna maɓallin a'a. Na tare shi a waje. Wai, "Murdo, ka sha shayi kuwa? Ai maganar tana gaban kwamiti." A da in jirgi ya tsaya London muke zagi. Yanzu jirgi da asibiti da makaranta duk an dawo mana da ikonsu gida, ba wanda zan zaga sai mijin yayata.

Ki tuna Baba. Kusan shekara ɗari uku ba mu da majalisa, tun da manyanmu suka rufe ta suka koma London. A 1979 ya bi gida gida yana roƙon ƙuri'a don a dawo mana da ita, muka fi yawa, aka ce ba mu kai kashi arba'in na masu rajista ba. Ranar da aka buɗe ta a 1999 rigar cocinsa ya sa don ya kalli talabijin. Kujerar wannan majalisar ce Fergus yake ɗumamawa.

Na rantse a gaban mutane: sai na kayar da shi a zaɓen Mayu, kuma ba zan taka gidanki ba yana ɗan majalisa.

Ƙanenki,
Murdo

Oban, Afrilu

Auta,

Na gode da gaisuwa, ƙafa da sauƙi. Na ga hoton ruɓaɓɓen kifin da ka liƙa a jikin motocinka, da sunan mijina a ƙasa. Mama da tana da rai da ta ja maka kunne.

Ba zan hana ka ba. Amma ka nutsu, takarda biyu ake ba mutum ranar zaɓe. Ta farko ta ɗan takara ce, ta biyu ta jam'iyya. Jam'iyyar da ta rasa mazaɓu ana cike mata kujeru daga ƙuri'un takarda ta biyu, ana ɗaukar sunayen da ta jera tun daga sama. Ka tambaya ka ji sunan wa ke sama a yankinmu. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan, gidansa nake.

Ka riƙa sa hula, iska ta yi yawa.

Yayarka,
Ishbel

Gruna, Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki daina ce mini Auta a takarda, ina da jikoki.

Na ga dabarar, shi ya zaunar da ke kika rubuta don ki ruɗa ni da lissafi. Ban gama sakandare da wani abin kirki ba, amma lauyoyi biyu suna cin abinci a ƙarƙashina. Na gaya wa kowa a tsibirin nan, a coci da mashaya: takarda ta farko ku hana Fergus, ta biyu ku ba jam'iyyarsa. Jam'iyyar Baba ce, ba ta yi mini komai ba. Mutum ɗaya nake so in cire.

Ki huta lafiya.
Murdo

Gruna, Mayu

Yaya Ishbel,

Gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba.

Fergus ya faɗi. A gabana aka karanta sakamakon, direbobina suka ɗaga ni sama, na yanka raguna. Naman bai gama dahuwa ba Hamish akawuna ya shigo yana sosa ƙeya. Ya ce, "Maigida, a rage wutar." Na ce me ya faru? Ya ce, "Faɗuwar da ya yi ita ta ba jam'iyya ƙarin kujera, kuma sunansa ne a sama. Da ƙuri'un tsibirin nan ya haye."

Fergus har ya aiko mini da katin godiya. Mun kore shi ta ƙofa, doka ta ɗauko shi ta taga, kuma ni na riƙe masa tsani. Rantsuwata tana nan.

Murdo

Oban, Mayu

Auta,

Ina amsawa. Ni ko a takarda ɗaya ban zaɓe su ba. Shekara ashirin ina cin abinci ni kaɗai. Na sa an yi wa kwalekwalensa fenti, na share masa lambu, ina jira ka dawo mini da mijina gida. Ka ƙara masa shekara biyar.

Ranar Talata yana Edinburgh. Ba sai ka taka gidana ba, zan fito da kujera ƙofa. Ka zo da kifi, in jirgi ya tashi.

Yayarka,
Ishbel