Abin da Sakatare Ya Rubuta

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya ƙafar taki? Ni lafiya lau, sai aiki.

Ki zauna kafin ki ci gaba. Ranar Litinin aka kwantar da wani tsoho a ɗakin maza na asibitin da nake aikin jinya, ɓarin jikinsa ya shanye. Tsohon Sakataren ikilisiyarmu ne, wanda ya tsaya gaban jama'a ya ce ya kama Baba da Tela, matar nan ta ƙungiyar mawaƙa. Ni aka ba gadonsa. Ni nake juya shi, ni nake ba shi abinci a baki.

Ya gane ni, Mama. Bakinsa ya karkace, magana ba ta fita. Jiya ya nuna biro da ido, na ba shi. Da hagu ya rubuta a bayan katin magani: "Ƙarya na yi."

Me zan yi?

Taki,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi.

Ki je wurin shugabarku yau ta canza miki gado. Kin manta? Shekara ashirin babanki yana koyar da waƙa, rana ɗaya suka karɓe makullin coci daga hannunsa. Ya koma kujerar baya, daga nan ya daina zuwa, har ya mutu ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Yanzu da mutumin ya hango kabari ne ya tuna da gaskiya?

Kalma uku a bayan kati ba za ta tada babanki ba. Allah ne mai gyara, ki bar masa aikinsa. Kada ki sake kawo min zancen nan.

Mamanki

*

Mama,

Ina gaisuwa da ladabi. Ki gafarce ni, ban nemi canjin ba. Na kai bakin ofishin, na kasa shiga.

Na kira Fasto, ya zo. Ya tambaye shi, "Kana so a karanta wannan gaban ikilisiya?" Tsohon ya ɗaga kai alamar ya yarda. Sai ya sake rubutu: "Matarsa. Tela." Yana so ku zo ku biyu, ke matar Baba da ita Tela. Fasto ya ce ba zai karanta komai ba sai kun yarda, tunda sunayenku ne.

Gaskiya ne Allah ne mai gyara. Amma a ɗakin nan kullum ina gani, shi yake warkar da ciwo, mu muke wanke shi. Baba ya tafi, amma Tela tana nan da rai, kuma mijinta ya bar ta da yara uku a kan wannan ƙarya.

Likita ya ce huhunsa ya fara tara ruwa. Kwanaki ne, Mama, ba makonni ba.

Taki,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Kwana biyu takardarki tana cikin Littafi Mai Tsarki, na kasa amsawa.

Akwai abin da ba ki sani ba. Ranar da aka yi taron, babanki ya dawo gida ya ce, "Ke ma kin yarda?" Na ci gaba da ninke kaya. Bai ƙara tambayata ba har ya bar duniya. Na yarda da zancen, Auta. Shekara goma sha ɗaya ina tsallake titi don kada in wuce ta ƙofar shagon Tela.

Ba Sakatare nake gudu ba. Idan ƙarya ya yi, ni me na yi?

Gobe zan je shagon. Ban san ko za ta saurare ni ba. Ki yi min addu'a.

Mamanki

*

Auta,

Na je. Ba ta ba ni kujera ba, ba ta kuma daina taka keke ba har na gama magana. Sannan ta ce, "Ban yafe ba tukuna, ke da shi duka. Amma ina so in gani da idona."

Muna shiga motar farko ranar Laraba, ni da ita. Ki gaya masa a kunne. Ki ce ya jira.

Allah ya kiyaye ki.

Mamanki