Mijina Na Dajin Borneo, Bai San Inna Ta Rasu Ba

Zuwa ga Anti Hureira,

Assalamu alaikum. Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Juma'a. Ban taɓa rubuta wa kowa irin wannan ba, idan na yi ta kwan-gaba kwan-baya ki yi haƙuri da ni.

Ni 'yar Kano ce, ina zaune a unguwar Wangsa Maju a Kuala Lumpur da 'yata ƙarama. Karatun digiri na uku ne ya kawo mijina nan. Bincikensa a kan wani babban tsuntsu ne na dazuzzukan tsibirin Borneo, dangin cilakowar garinmu amma ya ninka ta girma. Da har tsiya nake yi masa, in ce mutane na fita waje su karanto likitanci, shi ya tsallako teku saboda cilakowa. Shi kuwa ba ya gajiya da ba ni labarinta. Wai idan macen za ta yi ƙwai sai ta shiga kogon bishiya a liƙe ƙofar, a bar 'yar tsaga kawai, namijin ya riƙa miƙa mata abinci ta nan har 'ya'yan su yi fuka-fukai. Idan maharba suka kashe namijin, ita da 'ya'yan a ciki za su mutu.

Ya tafi yankin Sarawak, can a tsibirin Borneo, kafin korona ta yi ƙamari, da niyyar 'yan makonni. Sai ga dokar kulle. Mutanen ƙauyen da ya sauka, waɗanda duk a dogon gida guda na katako suke zaune a bakin kogi, suka gindaya gungume a hanya suka ce babu shiga. Shi sun bar shi saboda ya riga cutar zuwa, amma sun gaya masa in ya fita to ya fita ke nan. Su ke nuna masa bishiyoyin da tsuntsun ke ciki, kuma suna sa ran abin da zai rubuta ya ƙarfafa roƙon da suke yi na kada masu yankan katako su shigo yankinsu. Ya sha wuya kafin ya sami izinin shiga wurin. Babu netwok sai ya hau wani tudu mai nisa, don haka Juma'a-Juma'a yake kira.

Ana cikin haka, farkon azumi, lokacin da ake ta mace-macen nan a Kano, Allah ya karɓi ran mahaifiyarsa. Inna muke ce mata. Kwana kaɗan ta yi tana zazzaɓi da tari. Babban wansa, Yaya Ashafa, shi ya kira ni, kafin ma in gama salati ya ce kada in kuskura in gaya wa ƙanensa. Ya ce ya san halinsa, ɗan lelen Inna ne, in ya ji zai watsar da komai ya fito daga dajin, ga shi babu jirgin gida, ya yi biyu-babu. Ya ce haka aka saba, ba a sanar da matafiyi mutuwa sai ya sauke kaya. Ya haɗa ni da Allah. Ni wace ce da zan musa wa babban wa? Na ce to.

Ni kaɗai na yi kukana a saman bene, ko mai gaisuwa babu, fita ma sai zuwa kantin ƙasa sayen shinkafa. Inna ba suruka ba ce a wurina. Uwata ta rasu tun ina ƙarama, Inna ce ta tsaya mini a jegona.

Da shiru kawai na yi, da da sauƙi. Ga inda na ɓata lamarin. Inna ba ta rubutu a waya, saƙon murya take turowa, kuma wayata take turo wa tunda tasa ba ta shiga. In ya hau tudu sai in tura masa. Juma'ar farko bayan rasuwar ya tambaye ni ina saƙon Inna. Na daburce. Na shiga tsofaffin saƙonninta na shekarun baya na zaɓi ɗaya na tura. Kin san tsofaffi, maganarsu ɗaya ce kullum: ta gaishe shi da sunan da take kiransa, Ɗan'azumi, ta tambayi jikarta, ta sa albarka. Bai gane ba. Ya yi murna, ya ɗauki nasa ya ce in tura mata. In tura wa wa? Yana nan a wayata.

Tun daga ranar na zama mai tone-tone. Ranar Sallah ma barka da Sallarta ta bara na tura masa. Wallahi Anti duk sanda zan danna ji nake kamar na tono ta na sa ta magana dole.

Yanzu ya fara damuwa. Ya ce yana ta ba Inna labari, ya gaya mata ƙwan da yake gadi ya ƙyanƙyashe, ya ce ya samo mata zumar daji, ya tambaye ta ciwon ƙafarta, amma ba ta taɓa amsa ko ɗaya ba, gaisuwa kawai. Ya tambaye ni ko fushi take yi da shi don ya daɗe bai je gida ba, ya ce in roƙa masa gafararta. Ya ce kullum a sujada yana roƙa mata tsawon rai ta ga ranar da zai gama. Ya kuma ba ni labarin wani dattijo da ya rasu a dogon gidan, aka yi ta buga wani babban farantin tagulla har ƙauyukan ƙasan kogi suka ji. Ya ce abin ya burge shi, mutanen nan ba sa barin kowa a duhu. Na kashe wayar, daga baya na ce netwok ne.

Ga shi tsofaffin saƙonnin sun ƙare. Saura ɗaya tal, wanda ta ɗauka tana kwance dab da cikawarta. Murya a dushe, tana tari, tana ce masa ta yafe masa duniya da lahira, ya riƙe ni amana, ya gama abin da ya kai shi. Duk wanda ya ji ya san bankwana ne.

Na kira Yaya Ashafa na ce na gaji, amma ban gaya masa zancen saƙonnin ba. Ya ce in ƙara haƙuri har tsuntsayen su tashi, in kuma na faɗa aikin ya lalace, alhakin na wuyana. Ƙawata Surayya ta unguwar Titiwangsa ta ce in ce wayar Inna ce ta lalace. Ƙarya kan ƙarya ke nan. 'Yata kuma ta san kakarta ta rasu, duk ranar da zai kira sai in rufe ta a ɗaki in kunna mata katun a talabijin.

Ina tsoron ya fito ya rasa karatunsa, mutanen da suka amince da shi su tashi a tutar babu. Ina tsoron Yaya Ashafa. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ranar da zai gane muryar da yake saurara a kan tudu ta wadda ke kabari ce, kuma ni na turo. Anya zai sake yarda da ni? Juma'a na zuwa, Anti. Me zan tura masa?

Taki cikin damuwa,
Matar Mai Cilakowa, Wangsa Maju

*

'Yata Matar Mai Cilakowa,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ke ma ina yi miki ta'aziyya, don na lura an ɗora miki gadin sirri an manta ke ma uwa kika rasa.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba: ki gaya masa ranar Juma'ar nan.

Bari in ba Yaya Ashafa haƙƙinsa. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Da tausayi aka kafa al'adar nan, tun zamanin fatake, don kada mummunan labari ya riski mutum a hanya inda babu mai riƙe shi. Tsoronsa kuma na da tushe, aikin shekaru ne, ga jama'a sun sa rai a kai. Sai dai al'adar ta 'yan kwanaki ce, kuma ta shiru ce. Ba a yi ta don mutumin da ke kira duk mako yana tambayar uwarsa ba. Dole shirun ya koma ƙarya, kuma ke aka bari da ita, tunda ba Yaya Ashafa ake tambaya ba.

Zancen saƙonnin kuskure ne, kin sani, ba sai na fama miki ciwo ba. Amma dubi inda ya kai: mijinki na can yana zaton uwarsa na fushi da shi. Kin ce macen tsuntsun ake liƙewa a kogo. A gidanku mijinki ne a liƙe, ke ce mai miƙa masa komai ta 'yar tsaga. Kada ki ƙara miƙa masa abin da ba gaskiya ba.

Kafin Juma'a ki kira Yaya Ashafa cikin ladabi ki gaya masa komai, har da saƙonnin. Ki ce ba za ki iya ƙara mako guda ba, ki roƙe shi ya zauna kusa da waya, domin muryar ɗan'uwa na da rana a irin wannan lokaci. Sanar da shi za ki yi, ba izini za ki nema ba. In akwai kawun da yake jin nauyi, ki sa shi a ciki. Haɗa ki da Allah da ya yi bai wajabta miki yin ƙarya ba.

In mijinki ya kira, fara tambayarsa ko da wani tare da shi a tudun, kada ya sauko shi kaɗai. Ki sa ya zauna. Ki faɗa masa kai tsaye da bakinki, kada netwok ya yanke kina kewaye-kewaye. Tsofaffin saƙonnin ma ki faɗa a wannan kiran, kada ki bari ya gano da kansa a hanyar saukowa. Zai yi fushi, ƙila ya kashe waya, ƙila ya daɗe bai huce ba. Ban yi miki alkawarin sauƙi ba. Ki shanye, kada ki kare kanki, kada kuma ki jibga wa wansa laifin duka.

Fitowa daga daji ko zama, wannan nasa ne, ba yaro ba ne. Ki dai ba shi shawara ya tuntuɓi malamin da ke duba aikinsa kafin ya yanke. Masu masaukinsa sun san mutuwa, kin ji yadda suke girmama ta, ba na zaton za su bar baƙonsu ya yi makoki shi kaɗai. Ki kuma buɗe wa yarinyar nan ƙofa ta gaisa da ubanta.

Bayan kin faɗa, ki tura masa saƙon ƙarshen nan. Ba naki ba ne, ba na Yaya Ashafa ba ne, amana ce Inna ta bari a hannunki. Amsar tambayarsa na ciki: ba ta fushi, ta yafe. Aikin da kuke tsoron ya watsar kuwa, ita da bakinta ta ce ya gama shi, ku kuka hana shi ji.

Makonni ke nan yana roƙa mata tsawon rai. Ki ba shi dama ranar Juma'a ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙanta, don wannan addu'ar take jira daga Ɗan'azuminta. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya tasa, ya dawo miki da shi lafiya.

Taki,
Anti Hureira