Abincin da Nake Rataya wa Gilbert

Pantai Dalam, Yuli 2021

Zuwa ga Walida,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya jikin Inna, ya yaron nan? Da fatan kowa lafiya.

Shekara ta uku ke nan rabona da gida. Na ji saƙon yayanki Datti, cewa in ban dawo ba kafin ƙarshen shekara zai zo ya mayar da ke Gusau. Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinsa ba. Wata goma sha takwas na ce masa zan yi.

An sake kulle garin saboda cutar nan. Laburare a rufe, mutanen da suka turo mu karatu kuwa sun daina ɗaukar waya tun da hankalinsu ya koma kan zaɓe. Ba na iya zama, ba na iya rubutu. Daga taga sai ƙofa.

Akwai wani tsoho a ɗakin da ke kallon nawa, Gilbert, Ba'amurke masanin tarihi. Ni nake yi masa tapau, wato sayo abinci a ƙunshe, a mamak, gidan abincin unguwa, in rataya masa abincin a ƙofa, mu yi hira daga nesa. Na kai masa ƙarar 'yan siyasarmu, sai ya yi dariya har da tari. Wai shekara arba'in yana karanta masu mulki, nasu da na wasu, bai ga mugaye da yawa ba. Yawancinsu mutane ne masu cewa gobe. Ban ji daɗin maganar ba, na fi son su zama mugaye.

Ya tambayi sunan ɗana, na ce ɗan fari ne, ba ma faɗa. Ya tambayi me nake rubuta miki, na ce gaisuwa. Ya kalle ni kamar mara zuciya. Na yi masa bayanin kunya har na gaji.

Ki gai da Inna. Ki ƙara haƙuri.

Mijinki,
Ɗayyabu

Pantai Dalam, Agusta 2021

Walida,

Sallama da fatan alheri. Ya ruwa, ya jikin Inna?

Matar Gilbert ta rasu a Amurka, cutar nan ce. A waya ya kalli jana'izarta. Kwana biyu abincin na rataye bai ɗauka ba, sai da na yi ta buga ƙofa.

Ashe shekara ɗaya ya ce mata zai yi a nan, don ya ƙarasa wani littafi. Yau shekara tara. Kullum sai ya kira ta ya ce yana son ta, bai taɓa fashi ba. Ya ce faɗar hakan ce ta sa rashin komawar ya yi masa sauƙi. Ya ba ni haƙuri kan kallon da ya yi mini. Shi ya ɓuya a bayan kalmarsa, ni a bayan "ki ƙara haƙuri". Duk mu biyun masu cewa gobe ne.

Na nemi jami'a ta dakatar mini da karatun, sun yarda. Za a yi mini dariya a Kano, an tafi neman dakta an dawo Malam Ɗayyabu. Su yi.

Na damƙa abincin Gilbert a hannun Zaid na bene na biyu. Abin da na tsira da shi babi uku ne cikin biyar na kundin karatun, akwati ɗaya, da tikitin zuwa gida kawai.

Ki ce wa Yaya Datti ya bar motarsa a Gusau. Ki nuna wa Abdulrahman hotona kafin in iso, kada ya gudu in ya gan ni.

Mijinki,
Ɗayyabu