Jeren Inna

Laraba da dare, Birnin Kudu, 1975

Yau na koma aji, kwana tara da rasuwar Inna. Darasin Hausa ne, kalmar da ke kan allo kuma "jeri". Na ce kowa ya kawo misali. Wani ya ce jerin gwano, wani jerin sunaye, wani jerin motocin da ke jiran mai a bakin titi. Ina ta rubutawa kamar hannun ba nawa ba. Sai Hadiza ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, har da jere na ɗakin amarya?" Na ce har da shi, na rubuta.

Shekaranjiya muka sauke jeren Inna a gidanmu na Kwandiko, kwanuka da tasoshin da ta jera tun ba a haife ni ba. Ba mai taɓa su sai ita, ran jajiberin salla. Gwaggo Asabe tana saukewa tana miƙo mini, ina ajiyewa a tabarma don rabo. Kowane kwano ya bar shacinsa a bango. Ban yi kuka ba. Har yanzu ban yi ba, ban kuma san dalili ba.

Da muka gama, Baffa Sule ya tara mu 'ya'yan Inna, ya fara da kiran sunana. Na ce, "Baffa, ai ni ne na uku."

Ya ce, "Yayyenka biyu sun riga mu gidan gaskiya, ita ma ta bi su. Wa ya rage a gabanka?"

Na waiga. Ƙannena huɗu suna zaune a bayana, duk ni suke kallo.