Katakon Ƙofar Ɗakin Ɗinki

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa tun ina da baƙin gashi, yayyafin farkon damina a kan busasshen fili, tauraruwar da ta tattara haskenta ta koma bakin teku ta bar ni da fitilar titi mai ƙiftawa; zuwa ga matata, wadda ta san faɗin kafaɗata fiye da yadda na san zurfin zuciyarta.

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙirjin ya saki, tarin ya lafa, Yaya, babban wanki, da iyalinsa suna lafiya. Ki ce masa saƙonsa ya iso, wanda ya ce in na ƙara wata guda ban zo ba zai sa masunta su kamo ni da koma. Ki shaida masa wannan kifin duk ƙaya ne, kada su ɓata komarsu.

Wata huɗu ke nan da likita ya ce hayaƙin birnin nan da matakala arba'in da biyu na benenmu za su ƙarasa miki huhu. Wata huɗu da Yaya ya share mana ɗaki biyu a bayan gidansa kika tafi. Makarantar can mai neman malamin labarin ƙasa ta ba ni zuwa ƙarshen watan nan in ce e ko a'a. Ke ce kaɗai ba ki ba ni wa'adi ba, kuma shirunki ya fi wa'adinsu tayar mini da hankali. Matar da ta daina tambayar yaushe za ka zo, me ya rage mata ta daina?

Kin san dalilan da na yi ta jera miki a waya. Na ce danshin teku zai sa littattafaina su yi funfuna. Na ce gishirin iska yana cin ƙarfe, ko allurarki ba zai bari ba. Na ce ba zan iya zama a garin da sai hantsi ya dubi ludayi ake buɗe shago ba, inda direba yake tsayar da mota a tsakiyar titi ya gaisa da surukinsa, fasinjoji kuma su taya shi tambayar mutan gida. Ni da na saba tsallaka titi kamar ana bi na da sanda, in je can in yi yaya da ƙafafuna? Kin saurare ni duka, kika ce, “To, Malam.” Shekara ashirin da huɗu ina jin wannan “to” ɗin, na san wanda ake nufin an yarda, na san wanda ake nufin Allah ya shirye ka.

Kin tuna kwana ukun da na raka ki? Shekara ashirin da bakwai ina zana wa yara teku da alli, ina yi musu bayanin cikarsa da janyewarsa kamar ni na haƙa shi, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Kika zauna a kan dakalin bakin ruwa, iska tana wasa da gefen mayafinki, kika ja numfashi har ƙasan ƙirji, kuma karon farko cikin shekaru ban ji ƙaramin fiton nan da yake biyo bayansa ba. Fuskarki ta yi kamar lambun da aka yi wa ban-ruwa da asuba. Kika matsa mini wuri. Ni kuwa me na yi? Na zaro tef ɗinki na awo daga jaka, na koma gidan Yaya ina auna bango, ina auna ƙofa, ina rubutawa a takarda kamar mai shirin gina gada. Da yamma kika ce, “Ka auna komai a garin nan ban da matarka.” Na yi dariya, domin dariya ce rigar da na fi iya sawa.

Ba wurin kantar littattafai nake aunawa ba, ya ƙaunatacciyata. Tsawon ƙofa nake nema.

Kin san katakon gefen ƙofar ɗakin 'yarmu Tsigi, wanda ya fuskanci baranda. Kin san layukan fensir da ke jikinsa, guda bakwai, tun tana shekara uku. Kowace shekara in ranar haihuwarta ta zagayo sai ta jingina bayanta, in ɗora mata rula a ka, ita kuma ta ɗaga dunduniya a hankali, tana kallon rufi kamar ba ita ba. Ki ce, “Sauko, ɓarauniyar tsawo,” ta ce ƙasa ce ta kumbura. Layi na bakwai ya tsaya daidai aljihun rigata. Bayansa zazzaɓin kwana uku ya zo ya tafi da ita, daga nan katakon ya ci gaba da hawa shi kaɗai.

Shekara goma sha ɗaya kullum in zan fita aiki sai na shafa layin nan da ɗan yatsa. Har wurin ya yi santsi. Wannan ne birnin da na kasa bari. Ba tituna ba ne, ba ɗakin karatu ba, ba abokan da rabinsu sun riga mu tafiya ba. Katako ne mai faɗin tafin hannu a gidan haya.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi, ki yi haƙuri da ni. Ban taɓa yafe miki mayar da ɗakinta ɗakin ɗinki ba. Shekara ba ta cika ba kika shigar da keke, kika rataye yadudduka a inda kayan makarantarta suke, 'yan matan unguwa, sa'o'inta, suna shiga suna fita suna ƙyalƙyala dariya. Na ce a raina matar nan ta iya yanke zare. Ban faɗa miki ba, sai dai ƙafata ba ta ƙara tsallaka ƙofar ba. Daga baranda nake tambayarki ina maɓallin rigata, daga baranda nake miƙo miki shayi. Da kika ce mu koma bakin teku, sai na ƙara cewa a raina: ta gama mantawa, yanzu guduwa ta rage. Ranar tafiyarki kika riƙe hannun jakarki kika ce, “Malam, ka riƙa shiga kana buɗe tagar ɗakin ɗinki, kada ya yi warin rufi.” Sai na ba maƙwabciyarmu ta ƙasa makulli. Mai karatu ke nan! Na karanta littattafan da suka fi ni nauyi, na kasa karanta magana ɗaya daga bakin matata.

Ranar Asabar na kira kafinta, tsohon nan mai fensir a bayan kunne. In gaya miki gaskiya, so nake ya ce katakon ba zai ciru ba sai ya tsage, in samu dalili na goma sha in ƙara a kan sauran. Ya ƙwanƙwasa shi sama da ƙasa, ya ce, “Malam, zai fita lafiya lau, amma ta ciki aka buga ƙusoshin. Shigo ka riƙe mini, ba na aiki da mai gida yana leƙe kamar baƙo.” Na shiga. Ɗakin yana nan da ƙanshin sabon yadi da man keke, da zarurruka a ƙasa. Na juya don in tallafi katakon, sai na gani.

Shuɗin allinki na ɗinki, a fuskar katakon ta ciki. Layi a kan layi, sun fara daga inda nawa suka tsaya suka ci gaba da hawa. Goma. Sha ɗaya. Sha biyu da sha uku da tazara mai yawa a tsakani, shekarun da yara mata suke miƙewa kamar dawa bayan ruwa. Sannan tazarar ta fara raguwa, har huɗun ƙarshe suka hau kan juna a wuri guda, domin ke tela ce, ba ki yi wa awo ƙarya, kin san akwai shekarar da mace take daina tsawo. Na ƙarshen kin rubuta ashirin a gefensa. Ya wuce kanki da yatsa biyu. Tsawona kika ba ta.

Ashe abin da kike yi da 'yan matan nan ke nan. Kina ɗora tef a kafaɗunsu, kina ce musu su daina motsi, kina raino a ɓoye. A'a, ba a ɓoye ba. Ba ki rufe shi da labule ba, ba ki kare shi da kabad ba. Ni ne ban shigo ba. Shekara goma sha ɗaya ina gadin yarinya 'yar shekara tara a baranda, ke kina ciki kina girmar da ita ke kaɗai, tsakaninmu kaurin katako guda. Wane irin teku na koya wa yara da ya kai wannan faɗi?

Kafinta ya ga fuskata, ya ajiye guduma ya ce zai je ya sha ruwa. Ya daɗe bai dawo ba. Allah ya saka masa.

Ya hasken da na juya wa baya ina kukan duhu, ya rijiyar da na kwana a bakinta da ƙishirwa, da wane bakin zan ba ki haƙuri? Kin bar katakon nan kin tafi ba don kin fi ni taurin zuciya ba, sai don kin ga ɗayanmu ba zai rayu ba in babu shi, kika bar mini. Ke da ƙirjinki yake fito, ke kika ɗauki mafi nauyin kaya.

Jiya na rubuta wa makarantar can na ce e. Littattafai su yi funfuna in sun ga dama, na lura ba su hana ni zama wawa ba. Mai gidan haya ya yarda a sa masa sabon katako, har yana murna zai samu wanda ba a yi wa zane ba. Namu na naɗe shi da zanen gadonki mai furanni, na ɗaure da igiya uku, na yi hattara kada allin ya goge. In ya ɗan dushe a hanya, ke za ki sake bi. Ni zan riƙe miki rula.

Na je tasha ɗazu don motar ranar Laraba. Ɗan kamasho ya dubi katakon ya ce ba zai hau saman mota ba saboda ruwa, but ɗin bayan motar kuma ba ya ɗaukarsa, sai dai a jingina shi a kujera. Ya ce, “Baba, wannan ai fasinja ne, mutum biyu zan rubuta.” Ya gyara tsayuwa yana jiran in yi musu. Ban yi ba. Shekara goma sha ɗaya rabon da wani ya ƙirga ta cikin mutane.

Ki tsaya mana a tasha da la'asar, Maman Tsigi. Na san tun yaushe rabon da in kira ki da sunan nan, kuma daga yau ba ni da wani. Mu biyu ne tafe. Na ba ta gefen taga, don ta riga ni ganin ruwan.

Naki, mai jinkirin fahimta amma marar niyyar sauya hanya, yau da gobe da ranar da za a daina auna mu,

Mijinki.