Motar Madara Ba Ta Jira

Zuwa ga yayana Nuruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufin asiri. Mu ma nan Kasuwar Daji lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida, Jabiru kuma ya gama noman farko a gonarmu ta Banga. Ni ce dai hankalina ba ya jikina, abinci ma turawa kawai nake yi.

Yaya, maganar wurin tara madararmu ce. Ka san don matan rugage da aka kore wa shanu muka kafa shi, su kawo 'yar madarar da ta samu, mu sa a firji, mu sayar wa masu yin yogot a Gusau. To, motar mutanen Gusau da hantsi take ɗauka, kuma ba sa karɓar madarar da ta fara tsami. Mukan ɗebi kaɗan a ludayin ƙarfe mu ɗora a wuta, in ta tsinke shi ke nan. Matan kusa da gari ba ruwansu. Na wajen Moriki kuwa, waɗanda suka fi kowa buƙata, ba sa fitowa sai rana ta ɗaga, 'yan acaɓa sun wuce sun ce hanya lafiya. Kafin su iso madara ta sha rana.

A da ina karɓa haka nan, asarar ta hau kanmu. Sai abokinka Alhaji Sodangi, shugaban ƙungiyarmu, ya ce in muka ci gaba da haka rufewa za mu yi, kowa ya rasa. Wai ƙungiya ba gidan rabon zakka ba ce. Ka san bakina, na yi masifa har na gaji, amma ban iya cewa ƙarya yake yi ba. Ya kafa doka, duk wadda ta zo bayan tafiyar mota ta koma da kayanta.

Ran Laraba Sa'ida ta makara, wata baiwar Allah da aka kashe mijinta bara, ga yara ƙanana. Na mayar da ita da madararta, da bakina na ce mata ta riƙa yin sammako. Ba ta yi musu ba, ta ce in Allah ya yarda ba za ta ƙara makara ba. Washegari ta fito bayan asuba ita kaɗai. Masu zuwa gona ne suka tsinci ƙwaryarta a kife a bakin rafi. Har yau babu labarinta.

Sauran matan kuma ba su fasa yin sammakon ba. Jiya gari bai gama wayewa ba suka iso, suna murna madararsu ta karɓu. Na roƙe su har da kuka su daina fitowar asuba, suka ce to me yara za su ci. Alhaji ya daina ɗaga wayata, amma kai yana jin nauyinka. Don girman Allah ka kira shi ya janye dokar nan, ko da asara za mu yi. Tsoro nake ji, Yaya. Gobe ma dole in buɗe, don in na rufe za su ratso dajin nan su tarar da ƙofa a kulle.

Inna da Jabiru suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Rahina da Anas da 'yata Saudat. Ku sa Sa'ida a addu'a.

Ƙanwarka,
Barakatu